Gangar Kawu Yakubu

A bakin ƙofar an rubuta ɓaro-ɓaro cewa nan ne zauren gwajin wasa na ɗaliban digiri na biyu. A ciki kuwa, ban da benci mai ƙafa uku da fankar da ta daina juyawa tun kafin Musaddiƙ ya shigo jami'ar, babu ko tsinke. Su masu karatun wasan kwaikwayo a gindin darbejiya suke gwaji, in wasa ya buƙaci ganga su kaɗa jarka.

Sai ga labari masu tantance kwasa-kwasai za su zo daga Abuja. Nan da nan shugaban sashe, Dakta Muhammadu Lawal, ya tuna yana da ɗalibai. Ya tara su ya ce kowa ya aro abin da zai iya, a cika ɗakin kafin baƙi su iso.

"Kai Musaddiƙ, ba an ce kawunka makaɗi ne a Gwiwa ba?"

Haka ne. Kawu Yakubu ke kaɗa gangar noma a duk gayyar da aka yi a yankinsu, kuma gadon ubansa ce. Ko ɗan cikinsa bai taɓa ba aronta ba. Amma da ɗan ƙanwarsa ya durƙusa ya ce makaranta ce ke so, sai ya naɗe ta da tsohon bargo, ya ɗaure masa a bayan babur.

"Kafin noman farko ka maido min ita, akwai gayyar gidan Sama'ilu."

"In Allah ya yarda, Kawu."

An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma ranar ya rufe tsaf. Baƙi suka ga fitilun haya da labulen gidan biki, suka shafa gangar suna jinjina kai, aka ci kaji, sashe ya tsallake. Washegari masu haya suka kwashe kayansu. Musaddiƙ ya saɓa gangarsa ya nufi hanyar Kazaure, mai gadi ya tare shi a ƙofa.

"Malam, ina za ka da kayan makaranta?"

Sai a lokacin ya ga lambar da aka rubuta da farin fenti a jikin icen, don baƙi su yarda ta sashen ce. Masu haya ba su bari an taɓa nasu ba, ganga ce kawai ba ta da mai tsaya mata.

Dakta ya tura shi wurin mai sito, mai sito ya ce duk abin da ya hau lamba sai kwamiti ya zauna. Musaddiƙ ya roƙi a bar su su riƙa gwaji da ita, aka ce ai yanzu ɗakin yana da kaya mai daraja, aka garƙama masa kwaɗo. Suka koma gindin darbejiya da jarkarsu, baƙin ciki kamar ya kashe shi.

Damina ta sauka, aka yi gayyar gidan Sama'ilu ba kiɗa. Kunya ta hana Musaddiƙ zuwa gida har gero ya fara fitar da kai. Ranar da ya je, ya so a ce Kawu ya zage shi, amma sai tsohon ya nuna masa tabarma.

"Na ji ta zama ta makaranta. Ba komai. Abu ɗaya nake so in ji, ɗana. Ita fata in ba hannu a kanta mutuwa take yi. Ana dai kaɗa ta ko?"

Kwana biyu kafin nan Musaddiƙ ya leƙa ta tagar zauren. Tana kife a ƙasa, ɓera ya fara cin fatar daga gefe.

"Kullum, Kawu."

"To alhamdulillahi," in ji tsohon, har da murmushi.