Kili a Bayan Shagon Kafinta

Doki ne ya kai Direba ofishin lauya, shi da bai taɓa kai ko kaza ƙara ba. Kili sunan dokin. Tun yana duƙushi ya saye shi, kuma da yake Allah bai ba shi haihuwa ba, duk son da zai yi wa ɗa a kansa ya juye.

Da mota ta faɗi da shi ya daɗe a asibiti, har gidan hayarsa mai fili ya kuɓuce masa. Amininsa Kafinta, wanda ke auren ƙanwarsa, shi ya zo ya kwance dokin ya ɗaure a bayan shagonsa, ya ce dokin ya zauna nan har Direba ya warke. Ba su rubuta komai ba. Wa ke rubutu da amininsa?

Kuskuren Direba na masu kara ne. Ya warke, ya kama ɗaki guda, amma ko sun haɗu ba ya tambayar dokin, don kada a ce yana zargin riƙon da ake yi masa. Sai ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa, ya tafi da tambayar Kili a cikinsa tana cin sa. Shi kuwa Kafinta ya ɗauki shirun nan a matsayin an bar masa. Ya yi ta sayen dusa, ya kira likita da dokin ya yi ciwon ciki, har ya buga masa rumfa da katakon da ya fi kyau a shagon.

Ranar da Direba ya sami gida mai fili ya zo da igiya, Kafinta bai ko ajiye zarto ba.

"Wane dokinka? Shekara nawa, ka taɓa cewa yaya ya kwana? Ai na zaci ka yafe shi."

"Kunyarka nake ji, mutumina."

"Kunya ba ta cika cikin doki."

Lauya ta saurare shi tsaf, sannan ta shimfiɗa masa hanyoyin. Ana iya zaman sulhu, ya biya wahalar kiwo ya karɓi abinsa, in Kafinta ya yarda. Ana iya aika masa gargaɗi. In ya ƙi, sai kotu, can kuma alƙali zai so ya san ajiya aka bayar ko kyauta.

"Malam, wa ke wurin ranar da aka tafi da dokin?"

Mutum ɗaya ce, ƙanwarsa, tana zaune a bakin gadonsa na asibiti lokacin da Kafinta ya yi alkawarin.

An gwada sulhu, Kafinta ya ƙi zuwa. Gargaɗi ya isa shagon, aka ce ya goge hannun fenti da shi. Abin ya yi wa Direba ciwo fiye da karayar ƙafarsa, domin wannan mutumin ne ya riƙa ɗaukarsa zuwa banɗaki a asibiti.

Da hantsi ƙanwar ta zo gidan da ya kama. Ta dubi turken da ya riga ya kafa a tsakar gida, sabo fil, ta zauna a bakin ƙofa idonta a kumbure.

"Yaya, na ji za a kira ni shaida."

Ya kasa kallonta.

"Ba zan yi ƙarya ba. Ajiya ce, da kunnena na ji. Zan faɗa a gaban kowa." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Sai dai ka share mana ɗaki ɗaya ni da yara, don ya ce in na buɗe baki kada in koma."

Direba ya miƙe yana ɗingishi, ya shiga ɗaki ya fito da burushin da ya saya don ranar dawowar Kili, ko ledarsa bai cire ba. Ya ɗora mata a cinya.

"Tashi ki koma ɗakinki. Ki ba shi wannan. Ki ce masa a bayan kunne Kili ya fi son a sosa shi."