Rawar Sitiyarin Malam Hashimu

"Ka ji ta ko? Ga ta nan ta fara," in ji Malam Hashimu.

Sharhabilu bakanike ya kasa kunne. Yana zaune a kujerar gefe, ya dafa tafin hannu a gaban motar, ya cire takalmi ya shimfiɗa ƙafafunsa a ƙasa. Haka yake sauraron mota. Sun bar Batsari da kamar kilomita huɗu a kan hanyar Safana, allurar gudu tana kan sittin. Da taya ce ta rasa daidaito, da ya ji ta a tafin ƙafarsa. Bai ji komai ba.

"Baba, ɗan taka birki."

Ya taka. A-kori-kurar ta rage gudu sumul, ba ta ja dama ba, ba ta ja hagu ba. Ba birki ba ne ke nan.

Wannan ne karo na uku cikin kwana goma. A na farko Sharhabilu ya ɗaga gaban motar a jak, ya kama kowace taya ya girgiza ta sama da ƙasa, ya girgiza ta gefe da gefe, ya ƙara ɗaure notuna. A na biyu ya tarar da ɗan kumburi a tayar hagu, har ya yi murna. Aka canza ta, ya tuƙa motar da kansa, ya ce ta warke. Washegari da safe Malam Hashimu ya yi sallama a ƙofar gidansa, da yake katanga ɗaya ce ta raba su, ya ce rawa tana nan. Shi ya sa yau Sharhabilu ya ce mai ita ya tuƙa.

"Ɗan nan, ka kurumce ne? Dubi yadda take karkaɗa ni."

Tun yana yaro Sharhabilu ba ya ɗaga ido ya kalli Malam Hashimu. Aminin mahaifinsa ne, kuma shi ya karɓar masa aure bayan rasuwar mahaifin. Yanzu da aka ce ya duba, sai ya duba. Sitiyarin yana rawa, ba shakka. Suka iso wani hawa, tsohon ya ɗauke hannun dama zai canza giya. Sitiyarin ya tsaya cik. Sandar giyar ta kama rawa.

Sharhabilu ya zuba wa hannun ido. Ya jira hannun ya koma, rawar ta koma tare da shi.

"To, likitan mota, me ka gani?"

Shekara arba'in da ɗaya Malam Hashimu yana tuƙi, ko akuya bai taɓa bugewa ba, kuma yakan faɗi haka a tasha duk lokacin da matasan direbobi suka cika masa kunne. Sharhabilu ya juya maganar a ransa ta kowace fuska, bai samu hanyar da ɗa zai bi ya ce wa uba hannunsa ya gaji ba.

"Ina jin akwatin sitiyari ne, Baba. Sai an kawo daga Katsina. A bar min ita kwana biyu."

Kwana biyu sun isa ya samu Inna Uwani, matar Malam Hashimu, ya gaya mata, ita kuma ta san yadda za ta yi a je asibiti.

Tsohon ya yi dariya. "Kwana biyu! Ruwa ya sauka, mutanen Babban Duhu suna jiran takinsu gobe. Wa zai kai musu? Waɗannan yaran da ko sunan garin ba sa son ji? In na dawo ka kwance ta har ƙashi."

"Baba, da dai an bari."

"Ni da ita mun saba. In ta yi rawa na yi mata kiɗa."

Da suka dawo gareji Sharhabilu ya buɗe gaban motar kamar mai duba ruwa. Waya ɗaya zai zare, motar ba za ta tashi ba sai ranar da ya ga dama. Ya taɓa wayar. Malam Hashimu yana tsaye a bayansa yana ba mai faci labarin yadda Sharhabilu ya koyi riƙe sifana a ƙarƙashin wannan motar. Sharhabilu ya saki wayar, ya rufe gaban motar.

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

"Amin, ɗan albarka."

Washegari da hantsi Labaran mai babur ya shigo garejin, bai kashe inji ba, bai yi sallama ba.

"Malam Hashimu," ya ce.

Duk wanda ke wurin ya miƙe. Mai faci ne ya yi tambayar da ake fara yi a ƙasar nan tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyi.

"Su ne?"

"Ba su ba ne."

"Hatsari?" in ji Sharhabilu.

"Ko ƙwarzane babu a motar. Tana gefen hanya, kusa da Safana. Mun ɗauka hutawa yake, har na yi masa hon. Da na leƙa sai na ga kansa a kan sitiyari."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji mai faci. Sharhabilu ya maimaita a bayansa. Sai da Labaran ya karɓe sifanar da ke hannunsa ya san yana riƙe da ita.

A asibitin Safana aka ce ga alama jini ne ya hau. Aka kawo shi gida kafin azahar, aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar. A hanyar dawowa daga maƙabarta wani direba ya dafa kafaɗar Sharhabilu ya ce kada ya sa komai a ransa, kowa ya san ya yi iya ƙoƙarinsa a kan motar.

Da yake ɗan gida ne, ya shiga ciki ya yi wa Inna Uwani gaisuwa. Tana zaune a tabarma a bakin ɗaki, mata sun kewaye ta. Ya durƙusa daga nesa.

"Inna, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Baba."

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Matso nan, Sharhabilu."

Ya matsa. Ta rage murya yadda matan ba za su ji ba.

"Ka gano ciwon motar?"

Ya sunkuyar da kai. "Motar lafiyarta ƙalau, Inna."

"Na sani," ta ce. "Wata biyu ke nan ba ya iya kai ludayin koko baki sai ya zubar. Sai ya ce ludayin ne ya yi santsi, ni kuma in canza masa wani. Ni na riƙa tura shi wurinka. Na ce kai namiji ne, kuma sana'arka ce, in ka gaya masa zai ji."

"Ni kuma ke nake jira. Yau na yi niyyar shigowa."

Ta dube shi. Wata mata ta shigo da sallama tana kuka, Inna Uwani ta juya ta amsa mata.

Da gari ya waye Labaran ya kai shi ɗauko motar. Tana inda aka bar ta, ƙarƙashin wata tsamiya, an kauce da ita daga kwalta sosai yadda ba za ta tare wa kowa hanya ba. Mutanen Babban Duhu sun riga sun zo da amalanke sun kwashe takinsu. Sharhabilu ya shiga ya tada ta, ya sa giya, ta yi ƙugi ta ƙi motsawa. Ya sauko ya zagaya.

Wurin yana da ɗan gangare. Akwai dutse a gaban tayar baya, an tura shi da kyau har ya kama.

"Ku kuka sa?" ya tambayi Labaran.

"A'a. Haka muka same ta."

Sharhabilu ya tsuguna. A cikin damshin ƙasar akwai sawun takalmi daga ƙofar direba zuwa gindin tsamiyar, inda ramin dutsen yake, sannan zuwa tayar. Daga nan sawun ya koma ƙofar direba, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.