Allon da Ke Bayan Ƙofa

Shekara tara Tahani tana gwada idon mahaifiyarta, Indo, kowace Juma'a bayan la'asar, a ɗakinsu na unguwar Nuzla, a Jidda. Abin ya fara ne tun tana karatun aikin ido, lokacin da ba ta da wanda za ta koya a kansa sai tsohuwar. Ta liƙa allon gwaji a bayan ƙofa, irin mai zane ɗaya kamar cokali mai yatsu uku, yana juyawa sama ko ƙasa, hagu ko dama, yana ƙanƙancewa layi bayan layi. Indo ba ta iya karatu ba, amma wannan ba ya bukatar karatu. Sai Tahani ta tsaya gefen allon tana nuni da sanda, Indo ta zauna a kujera, taku shida daga ƙofa, ta rufe ido ɗaya da tafin hannu, ta nuna da yatsu inda zanen ya fuskanta. Ba ta taɓa faɗuwa ba. In ta gama sai ta ce, "Halas, shi ke nan, Likita?" don ba ta kiran sunan 'yar fari.

Tahani ba likita ba ce. Ita ke auna marasa lafiya kafin su shiga wurin Dakta Hind, a wani asibitin ido a unguwar Madain Fahd. Kuma wallahi ta iya aikinta. Kullum bakinta ba ya gajiya da faɗa wa mutane cewa hawan jinin ido, wanda 'yan Jidda ke kira moya zarga, ba ya ciwo, ba ya ja, daga gefe yake cin gani, allo kuma ba ya kama shi sai an auna da na'ura. Ta faɗa wa direbobi, ta faɗa wa teloli. A gida kuwa allo ya ishe ta. Iƙamar Indo, takardar izinin zamanta a ƙasar, ta mutu tun rasuwar mijinta, ba ta son zuwa duk inda ake tambayar takarda, Tahani kuma ta bar ta a haka, tunda ga ta nan tana cinye layin ƙarshe.

Alamu sun zo, ba su ɓuya ba. Indo ta riƙa buge kafaɗa a bakin ƙofa, ta ce ƙofar ce ta matse. Ta daina soya ƙosan da take sayarwa, wai hayaƙi ya ishe ta. In an miƙa mata shayi ta gefe, sai an yi magana take karɓa. Da a asibiti wata ta kawo wannan labari, da kafin ta rufe baki Tahani ta kai ta gaban na'ura.

Wata Juma'a laima ta cinye tsohon allon, sai Tahani ta liƙa sabo. Zanen iri ɗaya ne, jerin ne ya bambanta, ita ma ba ta lura ba. Indo ta zauna, ta rufe ido. Ta ci babban na sama. Daga layi na biyu ta shiga nunawa da sauri, fuska a sake, dama, sama, sama, hagu, babu ko ɗaya daidai. Tsohon allon take karantawa, da ka. Tahani ta ci gaba da nuni da sanda har ƙasa, don ta rasa yadda za ta tsaya.

Washegari Tahani ta roƙi Dakta Hind ta duba tsohuwar kafin a buɗe asibiti. Ba a daɗe ba. Jijiyar idon dama ta mutu. Na hagu saura ɗan gani a tsakiya, kamar mai leƙe ta bakin buta, shi ma ya dushe. Likitar ta rubuta maganin ɗigawa safe da yamma, ta ce za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya rage, amma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ba ta ce da an zo shekara biyar baya ba. Tahani ta sani, ita ke faɗa wa wasu.

A gida baƙin ciki ya juye mata faɗa. Ta tambayi uwar me ya sa ta yi mata haka, me ya sa ba ta ce ba ta gani ba, tana faɗa tana kuka, ta kai hannu za ta yage allon.

"Bar shi, ya binti, 'yata," in ji Indo. "In kin matso kusa, hanci nake gani ko ido ɗaya. In kika tsaya can wurin ƙofa, fuskarki duka ke shiga. Da na faɗi, ai da kin daina tsayawa."

Tahani ta sauke hannunta. Indo ta lalubi kujera ta zauna, ta gyara mayafi. Ba ta rufe ido ko ɗaya ba.

"Yalla, Likita. Je ki tsaya, tun da sauransa."