Muryar da ke cikin waya

Wata bakwai Harkamaya, 'yar ƙasar Nepal, ta yi tana jiran ranar gwajin nono. Shekararta goma sha tara a Hong Kong tana wanke kwanuka a gidan abinci, amma yaren garin da ta iya bai wuce "yi sauri" da "ruwan zafi" ba. Ƙullutun da ke nononta na hagu kuwa bai jira kowa ba. Da kamar ƙwayar wake yake, yanzu ya kai ƙwallon dabino.

Ranar ta zo, ta roƙi hutun rabin yini da kyar. Nas ɗin asibitin ta zaunar da ita, ta kira tafintan Nepali ta waya, ta ajiye wayar tsakaninsu. Sai an amsa tambayoyi kafin a san wa za a kai gaban na'urar ɗaukar hoton nono.

"Barka da rana, Mama. Ni zan fassara miki."

Nan take ta gane muryar. Tekendra ne, mijin 'yarta. 'Yan Nepal nawa ne a garin da har za a rasa gane juna? Mutumin da take zuba wa abinci da hannu biyu, wanda ko sunansa ba ta kira.

Da ta amsa gaisuwar shi ma ya gane ta, don sai da ya yi gyaran murya.

"Wai... tana tambaya, ko kin taɓa jin wani abu a wurin. Kumburi, ko ruwa."

Harkamaya ta dubi nas, ta dubi wayar. Da hannu za ta iya nunawa, amma hannun ya ƙi tashi daga cinyarta.

"Ka ce mata kafaɗa ce kawai, surukina. Wankin tukwane ne."

Nas ta cike takarda, ta yi murmushi, ta ɗaga yatsu biyu: ta dawo bayan shekara biyu. Ba muguwa ba ce, layi ne a bayanta har bakin ƙofa.

Harkamaya ta koma kan kwanukanta. Ta gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar Asabar Tekendra ya zo cin abinci, da man zafi a leda. Ya miƙa mata cikin ladabi, idonsa a ƙasa.

"Na kafaɗar ne, Mama. Wallahi ranar nan hankalina ya tashi, sai da na ji kin ce ba komai."

Ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka, ta ƙara masa shinkafa.