Zane Huɗu a Kan Takobin Jatau

Zazzaɓi ya kwantar da Tasalla bayan azahar, tana cikin takabar mijinta Jatau, zuciyarta kuma na tafasa. Da hantsi ƙanin mijin, Mantau, ya kawo wani masanin tsofaffin makamai. Mutumin ya zare takobin Jatau, ya bi adon jikinsa da gilashi: kare a guje, wata biyu masu fuskar mutum, da reshe mai ganye. Ya ce ƙirar Turai ce, kuma ganyen nan ne zai faɗi zamaninsa, sai dai wani ya ɓata shi da zane huɗu. Dole a goge su. Mantau ya ce zai zo ya ɗauka bayan la'asar.

Ba wanda ya tambaye ta. A gidan nan, in an yi haihuwa, takobin ake ajiyewa wajen kan jariri har ranar suna, sannan uba ya ja zane ɗaya da magagari. Huɗu ta haifa. Ba wanda ya kai yaye.

Tana rungume da takobin barci ya sace ta. Sai ga karen ya diro daga jikin ƙarfen, siriri kamar zare, ya karkaɗe tsatsa.

"Tashi, Inna, an fara kira."

"Ni ba uwar kare ba ce," in ji ta, amma ta bi shi.

Suka hau wata hanya mai kaifi. A sama wata biyu na kallon juna da rana tsaka, suna gulmarta. Hanyar ta zube su a wata kasuwa inda takubba da bindigogi suka yi layi kamar marasa lafiya a asibiti. Wani dogo, gilashi ne a maimakon fuskarsa, yana shafa adonsu.

"Kai mai furanni, ɗan jiya ne. Kai mai kan zaki, ka girme shi nesa ba kusa ba."

Duk wanda aka faɗa wa shekarunsa, sai bakinsa ya liƙe, a rataye shi a bango. Wata tsohuwar bindiga ta ja zanen Tasalla.

"Sun san wanda ya ƙera ni, 'yar nan. Wanda ya goya ni ne ba su tambaya ba."

Kasuwar ta narke ta zama itace mai ganyen ƙarfe. Yara huɗu na zaune kan reshe suna lilo da ƙafafu. Ta gane su tun daga ƙeya: Kyauta, Dogara, Ajuji, da ɗan autanta Barau.

Dogon ya taho da dutsen wasa wuƙa a kafaɗa.

"Ku sauka, kun tare mini ganye."

"Ganye?" Tasalla ta sha gabansa. "Kai, mara kunya! Ganyen ne aka yi wa naƙuda? Ganyen ne aka yanka wa rago?"

"Shekarunsa kawai nake nema, baiwar Allah."

"In ka sani, miya za ka yi da su? Taɓa ɗaya ka gani!"

Karen ya lashi ƙafarta. "Ni ma zane ne, Inna. Wanda ya ja ni ya mutu, ba mai kiran sunansa."

Kafin ta amsa, ta ji kukan magagari a gindin itacen. Jatau ne a tsugune, ya ba ta baya, yana jan zane na biyar.

"Malam, wannan na wa ne?"

Bai juyo ba. Yaran suka matsa, suka bar wurin mutum ɗaya a kan reshen.

"Salamu alaikum! Yaya, na zo."

Muryar Mantau ce. Ta farka firgigit, gumi ya jiƙe ta sharkaf. Ta zare takobin, ta bi ganyen da babban yatsa. Zanen huɗu ne har yanzu. Ta jawo tsohuwar jakar Jatau daga ƙarƙashin gado, ta lalubo magagarin.

Mantau ya ɗaga labule, ya tarar tana jan zane na biyar, ya daskare.

"Yaya! Me kike yi haka?"

Ba ta ɗago kai ba.

"Ina ƙara ɓata muku ganye."