Karsanar Ardo Bobbo

Shekara da shekaru Hindu ke yi wa Dokta Philippe tafinta a rugar Ardo Bobbo, can bayan Pitoa. Binciken ciwon da ke bin madara ake yi: a ɗibi jinin mutane, a ɗibi na shanu, a sha kindirmo, a koma Garoua. Sauran rugage duk sun gaji sun zame, saura ta Bobbo. Duk ranar da shi ma ya tashi, aikin ya mutu ke nan, Hindu kuma sai ta koma shagon atamfar babanta, inda ta rantse ba za ta tsufa ba.

Rannan Bobbo ya tambaye ta, "'Yata, likitan nan kullum shi ke zuwa. Ba a zuwa gidansu ne?"

"Haba Baffa, ƙofa a buɗe take!" in ji Hindu. Ta faɗa ne kawai a fatar baki, ta ma kwatanta masa otel ɗin da za su yi taro a Garoua.

Kai, taro ya yi taro! Manya sun zo daga Yaoundé don a gano yadda za a riƙe makiyaya cikin bincike. Wani ya ce a raba huluna. Wata ta ce a'a, bokitin roba. An tafa. A ƙofar otel kuwa an rataya ƙaton hoton Bobbo yana murmushi.

Da aka fito shan kofi, Hindu ta ji mai gadi, Zacharie, yana ba direbobi labari yana ƙyaƙyata dariya.

"Wani tsoho ne ya zo da saniya, wai likita yake nema. Na ce sunanka? Ya sunkuyar da kai. Na ce Baba, nan ba kasuwar shanu ba ce. Ya tsaya a rana har inuwa ta juya, sannan ya ja abarsa."

Hindu ta matso kusa da shi. "Karsana ce? Ja?"

"Ja wur, da sabuwar igiya."

Innalillahi! Ta san wannan. In Bororo ya ɗauke ka aboki, karsana yake ba ka aro, ka riƙe har ta yi ta haihuwa, 'yan maruƙa naka, sannan ka mayar da uwar. Muddin tana hannunka, ba ya yin nisan da za ka neme shi ka rasa. Abin da ake ta zuba Faransanci a kai tun safe ke nan, ya zo da ƙafarsa har ƙofa. Kuma dattijo irin Bobbo ba ya faɗin sunansa a bakin titi, ba ya roƙo sau biyu.

"Zacharie, ba ka ɗaga kai ka ga hoton ba?"

Ya ɗaga, ya duba. "Wannan ai mai tsabta ne."

Ta hau babur ɗin haya ta bi hanyar Pitoa, ba ta same shi ba. Kunya ta hana ta gaya wa Dokta.

Da suka je rugar da mota cike da bokitai, an tashi, sai toka da busasshen kashin shanu. A reshen tsamiyar da suke zama a ƙarƙashinta ana ɗibar jini, an rataya sabuwar igiya.

"Kin gani ko?" in ji Dokta Philippe. "Mutanen nan ba su san riƙe zumunci ba."

Ya ciro igiyar ya miƙa wa direba, ya ce a ɗaure bokitan da kyau, kada su zube a hanya.