Noti Huɗu Masu Tambarin Anga

Mijina Vern Kaczmarek mutum ne da za ka bar wa makullin gidanka ka yi tafiya hankalinka kwance. Duk Bay City an san haka. Shi ya tuƙa motar 'yan makaranta har ya yi ritaya, shi ke zagayawa da kwandon baiko a coci. Shi ya sa har yau abin da ya faru da motar Walt Priebe yake mini nauyi a baki.

Da ya bar aiki sai ya tare a gareji wajen tsohuwar Chevelle ɗinsa ta 1970, jar mota mai rugugin da ke girgiza tagogin maƙwabta. A ruɓe ya same ta, ya ƙudurta sai ya mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta, ba ƙari ba ragi. Ni a wurina noti noti ne, in ya ɗaure shi ke nan. Vern kuwa sai ya kawo guda ya ajiye kusa da kofin kofina.

"Noreen, dubi kansa. Me kika gani?"

"Tsatsa."

"Haba ke kuwa! Harafi ne. Kowace maƙera da tambarin da take bugawa. Ki ga launinsa kuma, baƙi ne mai toka-toka, ba wannan farin mai ƙyalli na shago ba. Washarsa, zoben nan na wuyansa, a maƙale take, ba ta fita. Bakinsa da tsini."

"To kwashe mini shi daga kan tebur, ga abinci nan zuwa."

A hankali ya tara kusan duka, daga 'yan gwangwan da kasuwar tsofaffin kayan mota. Guda huɗu ne suka gagare shi, waɗanda ke riƙe ƙugiyar bonet, masu tambarin anga irin ta jirgin ruwa. Akwai na kwaikwayo da ake ƙerawa yanzu, su ma da angar, ya saya ya ɗaura. Amma kullum ya buɗe bonet sai ya yi tsaki. Angar sababbin ta yi zurfi da kaifi, in ji shi, ta asali kuwa sama-sama take, ta ɗan karkace gefe.

Amininsa Walt yana da irin motar, shuɗiya. Sabuwa ya saye ta da ya dawo daga soja, kuma masana'anta ɗaya suka fito da ta Vern. Ban da canjin mai da taya, sifana ba ta taɓa ta ba. Vern na zuwa gidansu sai ya wuce rumbun da take, ya cusa kai cikin inji.

"Kai tsohon nan, bar leƙa mini mota kamar saurayi a ƙofar budurwa," Walt zai ce.

"Kai da ba ka san abin da ka mallaka ba! Asara kawai, an ba kurma rediyo."

"Ni dai tawa ba a taɓa kwance mata zani ba. Taka fa?"

Sai su kwashe da dariya, matarsa Dolores ta leƙo ta ce su zo kek ya huce.

A farkon bazara ɓarin jikin Walt ya shanye. Ya dawo daga asibiti a keken guragu, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Vern bai jira an roƙe shi ba. Shi ke yanke musu ciyawa, shi ke kai Dolores kasuwa, shi ke tayar da shuɗiyar motar lokaci lokaci don kada injin ya cije. Dolores ta ba shi makullin rumbun ta ce ya riƙe.

Wata rana da la'asar na same shi a wurin wanke-wanke yana goge wasu noti da tsohon buroshin haƙori.

"A'a, kar dai ka same su?"

"Wani mutum ne a garin Saginaw ya sayar mini," ya ce, bai ɗago ba.

Na yi masa murna da zuciya ɗaya. Har naɗin kabeji da nama na dafa masa, abincin da ya fi so. Bai ci da yawa ba, na ɗauka zumuɗi ne.

A ƙarshen bazara aka yi baje kolin tsofaffin motoci a filin kasuwar gunduma. Mun isa da wuri, Vern ya buɗe bonet yana ta goge-goge. Can sai ga tirela ta ja ta tsaya dab da mu, shuɗiyar motar Walt a kai. 'Yarsu ce ke tuƙi. Dolores ta sauko fuska cike da fara'a.

"Mun ɓoye maka ne don ka sha mamaki! Na shigar da ita rukunin motocin da ba a taɓa ba. Walt ya daɗe bai fita ba, na ce bari ya zo ya ga ana yabon abarsa."

Na ga Vern ya dafa motarsa. Na ce, "Lafiya?" Ya ce rana ce.

Aka sauko da Walt aka ajiye kekensa tsakanin motocin biyu. Mutane suka taru, don irin wannan mota ba kullum ake ganinta ba. Alƙalin gasar ya zo da 'yar tocila da ƙaramin madubi, mutum mai ladabi. Ya duba fenti, ya duba kujeru, yana ta gyaɗa kai. Da ya zo ƙugiyar bonet sai ya tsaya. Ya haska, ya shafa da yatsa, ya sake haskawa.

"Uwargida, an taɓa kwance wajen nan?"

"Babu wanda ya taɓa," in ji Dolores.

"Ki yi haƙuri, waɗannan huɗun sababbi ne. Ko ƙura ba ta zauna a gindinsu ba."

"Bawan Allah, motar nan a rumbunmu take tun kafin in haifi wannan yarinyar."

Wani daga baya ya ce, "Haka kowa ke cewa." Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Fuskar Dolores ta yi jawur har wuya.

"Wato ƙarya nake yi? Vern! Zo ka gaya masa. Kai ka fi kowa sanin motar nan."

Vern ya tako kamar mai ciwon ƙafa. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon abin da hannunsa ya ɗaura. Sannan ya miƙe.

"Sababbi ne, Dolores."

Dolores ta juya tana gyara wa Walt bargon da ke cinyarsa, bargon da ba abin da ya same shi.

Alƙalin ya matso wajen tamu. Yana haska ƙugiyar sai ya yi murmushi, ya kira mutane. "Ku zo ku ga na asali. Kun ga yadda angar ta karkace? Malam, ka yi sa'a, a ina ka samo su?"

Vern ya kau da kai. A nan ne na gane. Na dubi notin, na dubi ƙeyar mijina da gumi ya jiƙa, na ji kamar an tuɓe ni a tsakiyar filin. Da na waiwaya sai na ga Walt, ba motar yake kallo ba, Vern yake kallo, ido cikin natsuwa.

Da aka kira sunan Vern don karɓar kofin gasar, yana bayan rumfar masu sayar da masara a zaune. Ni ma ban iya fita ba. Aka kira, aka sake kira, aka wuce.

A hanyar gida sai da muka haye gada kafin na yi magana.

"Saginaw, ko?"

"Na ce a raina zan mayar, Noreen. Na ce sai bayan gasar. Wa zai lura? Mota tana rumbu, mai ita ko tsayuwa ba ya iya..."

"Ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa?"

Ya gangara gefen titi ya kashe mota. Tun rasuwar mahaifiyarsa ban ga ya yi kuka ba sai ranar. Ban rarrashe shi ba, ban kuma ƙara masa ba.

Washegari da safe ya kwance notin ya zuba a aljihu. Ya ce in zauna, na ce tare za mu. Mun same su a kicin. Vern ya ƙi zama. Ya zuba notin a kan tebur gaban Walt, ya faɗi abin da ya yi, bai rage ba, bai kawo hujja ba.

Dolores ta ajiye butar kofi a hankali. "Na ba ka makulli," ta ce. "Na kira ka gaban jama'a don ka wanke ni. Ka tsaya kana kallo ana mini dariya."

"Haka ne."

"Haka ne kawai?"

Walt ya miƙa hannunsa mai lafiya ya jawo noti ɗaya, ya juya shi. Ya yi ta kokawa da harshensa, muna jira.

"Na... ji," ya ce. "Sifana. Ta taga."

Tun ranar ya sani. Yana kwance a ɗaki ya ji ƙarar ƙarfe daga rumbu, ya san ba ta tayar da inji ba ce. Duk makonnin nan Vern yana shigowa yana gaishe shi, yana gyara masa matashi, shi kuwa yana kallonsa.

"Kai ma ka sani ka bar ni na kai ta?" Dolores ta ce wa mijinta. Walt ya sunkuyar da kai. Ina jin ya zaci Vern zai mayar kafin lokacin, bai so ya tona shi ba.

Vern ya je rumbu ya mayar da notin, 'yar Walt na tsaye a kansa. Sun zauna daram, amma sifana ta bar ɗan sawu a gefen kowanne, wanda duk mai tocila zai gani. Ya fito ya miƙa wa Dolores makullin, ta karɓa.

Yanzu wani maƙwabcinsu ne ke yanke musu ciyawa. Dolores ba ta gaya wa kowa ba, iyakar sanina, kuma a coci tana amsa gaisuwata. Walt ya aiko 'yarsa sau ɗaya ta ce babanta na tambaya ko Vern ya mutu ne. Vern ya je, sun zauna a baranda suna kallon titi. Dolores ta kawo kofi ɗaya, na mijinta, ta koma ciki.